Ku daina mayar mana da tsohuwar burauza don kawai shafi ya buɗe

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zauna daram a wurin masu gyaran kwamfuta a nan Legas, kuma 'yan uwanmu 'yan kasuwa ne suka fi kwana a ciki. Mutum zai kai laftof ɗinsa Computer Village a Ikeja, ko ya kira yaron da ya saba yi masa gyara a Agege, ya ce wani shafi ya ƙi buɗewa, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome da Firefox, tana cewa ta toshe fulogin. Sai a cire masa sabuwar burauza a ɗora tsohuwa, a kashe sabuntawa, a ce, "Alhaji, kar ka bari ta sabunta kanta, data kawai take sha." Shafi ya buɗe, a biya kuɗin aiki, kowa ya tafi yana murna. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Fulogin ƙaramar manhaja ce da wani kamfani daban ya rubuta, burauza take ba ta wuri don ta yi abin da ita ba ta iya ba a wancan zamani. Flash na nuna bidiyo da wasanni, Java na buɗe fom ɗin ofisoshi, ActiveX kuma na tare da Internet Explorer. Matsalar ita ce yawancinsu suna aiki da cikakken ikon mai kwamfutar. Kamar ka ɗauki baƙo ya tsare maka teburin ƙofar shago ne, ka haɗa masa har da makullin sito. Idan aka samu ɓaraka a cikin fulogin, mai kutse ba ya buƙatar ka sauke komai. Ka buɗe shafi kawai, ko wata talla ta bayyana a gefe, shi ke nan an shigo.

Kuma ba a wayi gari aka toshe su haka kawai ba. A watan Janairun 2013 ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta shawarci mutane su kashe Java a burauzarsu. A watan Yulin 2015 aka yi wa wani kamfanin Italiya mai sayar wa gwamnatoci manhajar leƙen asiri, Hacking Team, kutse, aka baza takardunsa a intanet, sai ga ɓarakar Flash da suke shiga kwamfutocin mutane da ita ta fito fili. Firefox ta toshe Flash har sai da aka gyara. Chrome ta daina karɓar tsofaffin fulogin irin su Java a watan Satumban wannan shekara, Firefox ta bi sahu a Maris 2017. Shi kansa Adobe, mai Flash ɗin, ya sanar tun Yulin 2017 cewa zai yi watsi da ita, ya daina kula da ita ranar 31 ga Disamba 2020, ya hana ta aiki daga 12 ga Janairu 2021. Mai kaya ya ce kayansa sun lalace, kai kuma don me za ka nace sai da su?

Na san masu ƙorafi suna da hujja, kuma ina jin zafin da suke ji. Mai shago a Mile 12 ko Alaba Rago da ya kashe kuɗi ya sa kyamarori shekarun baya, yau na'urar ba ta nuna hoto a kwamfuta sai da fulogin ɗin Internet Explorer, alhali Microsoft ya yi ritayar wannan burauza tun Yunin 2022. Mai shagon intanet a Idi-Araba ga layin mutane suna jira, shafin wata hukuma ya ƙi buɗewa. Ba laifinsu ba ne. Laifin na hukumomi da kamfanonin da aka ba su sanarwa tun da wuri suka yi burus. Ko a Afirka ta Kudu, da Flash ta mutu a farkon 2021, hukumar tara haraji sai da ta fitar da tata burauzar mai ɗauke da Flash don mutane su iya cike fom. Hukuma ta yi sakaci, an bar talaka da ɗaukar haɗarin.

Amma ku duba me ke cikin laftof ɗin nan da ake mayarwa baya. Da ita Alhaji yake shiga asusun bankinsa, da ita yake tura wa mutanensa na Kano da Sakkwato kuɗin kaya. A shagon intanet kuwa, lambobin NIN da BVN na mutane da hotunan fasfo ɗinsu ne jibge a ciki, amanar bayin Allah da ba su san an cire musu kariya ba. Kuɗin datar da aka yi tattali bai kai ko kusa da abin da za a kwashe a dare ɗaya ba.

Wani abin kuma, duk shafin da ya ce maka yau sai ka sauke sabuwar Flash kafin ka kalli bidiyo, tarko ne. Babu sabuwar Flash da za a ba ka. Rufe shi.

Idan dole ne sai an duba kyamara da tsohuwar burauza, a ware mata tsohuwar kwamfuta wadda ba a shiga banki ko imel da ita, ko a nemi manhajar waya ta kamfanin kyamarar. Masu laftof 'yar tokumbo mai Windows 7 su sani, Chrome 109 ce ta ƙarshe da ke hawa kanta, tun farkon 2023 ba ta ƙara gaba ba.

Ku kuma ƙannena masu gyara, don Allah idan mutum ya kawo muku aiki ku faɗa masa abin da toshewar nan take karewa kafin ku taɓa komai. Idan ya ji ya ce duk da haka a mayar masa da tsohuwar, ku tambaye shi ko da wannan kwamfutar yake shiga banki. Idan ya ce e, kar ku yi.