Kuɗin lesin na tafiya, Turanci bai shigo gida ba

Wallahi raina a ɓace yake. Wata huɗu ke nan ina ƙirga naira dubu 40 duk farkon wata, ina miƙa wa wani malamin lesin don ya koya wa yarana biyu Turanci a gida, nan Agege, Legas. Kuɗin nan ba tsinto su nake yi ba. Da asuba nake kama hanyar kasuwar Mile 12, in wuni cikin buhunan albasa.

Mun yi da shi sau uku a mako, ƙarfe 4 zuwa 6. Sai biyar da rabi ta gota zai ƙwanƙwasa ƙofa, wai gosulo. Ni ma ai cikinsa nake ratsawa kullum! In ya zauna kuma waya ce a hannu, yana latse-latse, yara na kwafar abin da ba su gane ba. Ran nan na buɗe littafin babbar, 'yar aji shida ta sakandare: wasiƙa ɗaya ce ta kwafa sau uku, babu ko ɗigon jan biro. Ƙaramin kuwa, ɗan aji biyar na firamare, har yau buroka ce a bakinsa.

Abin da ya sa muke jurewa kowa ya sani. In babu kiredit a Turanci a jarrabawar gama sakandare, WAEC ce ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ma, kowane fanni yaro ya zaɓa, Turanci dole ne.

Da na ce, “Malam, me ake ciki ne?” sai ya dube ni ya ce, “Alhaji, matsalar daga gidanku take, Hausa ta yi wa yaran yawa.” Wannan magana ta ƙona ni fiye da asarar kuɗin. Harshen uwarsu ne ya hana shi zuwa a kan lokaci? Shi ya hana shi duba littafi? Bai ko ji kunya ba, ya ƙara da cewa in na kawo wani abu, akwai santar da ake ba yara amsa ranar jarrabawa. Ilimi na saya, satar amsa yake min talla, a gaban 'yata!

Na sallame shi a ranar. Kuɗin watan ya ƙi dawowa da su, waya ma ya daina ɗauka. Jiya da magariba yarinyar ta zo da littafinta ta ce, “Baba, to wa zai duba min?”