"Ai Shi Da Bakinsa Ya Amsa"

A makon nan ma sai da na sake cin karo da irin bidiyon nan a Facebook. An zaunar da matashi a ƙasa, ba riga, hannu da ankwa, an jere wuƙaƙe da wayoyi a gabansa, jami'i na tsaye a kansa yana tambaya: "Kai ka yi ko ba kai ka yi ba?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce shi ne, sharrin Shaiɗan ne, a yi masa afuwa. Gefen idonsa a kumbure yake, amma ba wanda ya tambayi abin da ya same shi. Kafin la'asar jama'a sun gama yanke masa hukunci, hujjarsu kuwa guda ɗaya ce: ai shi da bakinsa ya amsa.

Wannan holen dai an ce an hana shi. Jihar Legas ta haramta shi a dokarta tun 2021, a 2025 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya umarci 'yan sanda su daina baje waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida kafin a kai su kotu. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Duk wannan sananne ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne imanin da ke raya holen, wato wai mutum mai hankali ba zai taɓa amsa laifin da bai aikata ba. Malamai da 'yan boko da 'yan jarida duk sun haɗiye wannan magana, alhali ba gaskiya ba ce.

Wanda bai taɓa kwana a bayan kanta ba zai yi ta cika baki cewa ko za a yanka shi ba zai amsa ba. Mutumin da aka hana barci kwana biyu, ga yunwa, ga gora, ga ihun na ɗakin kusa yana shiga kunnensa, ba ya lissafin shekara goma da zai yi a kurkuku. Lissafinsa ɗaya ne, yadda wannan azaba za ta tsaya yanzu-yanzu. Sai a ce masa, "Ka amsa kawai mu taimake ka, ka koma gida." Marar laifi ma ya fi saurin faɗawa wannan rami, domin yana ganin tunda bai yi ba, in aka je gaban alƙali gaskiya za ta yi halinta. Tsohon ɓarawo ya san ba haka abin yake ba, shi ya sa yake cijewa.

Kuma ba sai da duka ba. A 1996 masanin halayyar ɗan Adam Saul Kassin da abokiyar aikinsa sun yi wani gwaji a Amurka. Sun sa ɗalibai buga rubutu a kwamfuta, aka gargaɗe su kada su taɓa wani maɓalli. Aka shirya kwamfutar ta ɗauke, aka ce su ne suka taɓa. Dukkansu sun musa da farko, kuma a gaskiya ba su taɓa ba. Amma kashi 69 cikin 100 sun sa hannu a takardar amsa laifi, kashi 28 har suka yarda a ransu cewa su suka yi, wasu kuma suka fara ba da labarin yadda yatsarsu ta zame. 'Yan jami'a ke nan, a ɗaki mai sanyi, ba bulala ba ankwa. To ina ga ɗan shekara 17 daga lungu, wanda bai san ana kiran lauya ba?

A 1989 aka yi wa wata mata fyaɗe da mugun duka a filin shaƙatawa na Central Park a birnin New York. Aka kama yara biyar 'yan shekara 14 zuwa 16, aka tsare su ana yi musu tambayoyi na sa'o'i, suka amsa, har aka naɗi yawancinsu a bidiyo. Gwajin ƙwayoyin halitta bai dace da ko ɗayansu ba, amma kotu ta ɗaure su saboda sun amsa da bakinsu. Sai a 2002 wani mai suna Matias Reyes ya fito ya ce shi kaɗai ya yi, gwaji kuma ya gaskata shi. Abin da ya kamata masu tafa wa holi su riƙe shi ne wannan: a watannin da 'yan sanda suka rufe bincike suna murna, Reyes ya ci gaba da yi wa mata fyaɗe, har ya kashe wata mai juna biyu. An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuwa yana ta ɓarna a gonar mutane.

Mu da muke tinƙaho da shari'ar Musulunci ma ai bai kamata sai Bature ya koya mana wannan ba. Ma'izu ɗan Malik da ƙafarsa ya zo ya yi iƙirarin zina, ba wanda ya kamo shi, amma Manzon Allah (SAW) ya yi ta kau da kai, ya tambaya ko yana da taɓin hankali, aka bincika ko ya sha giya. Wanda ya kawo kansa ke nan. Mu kuwa ga mai kumburarren ido a gabanmu, muna kabbara.

Za a ce muna kare ɓarayi da masu ƙwacen waya, kuma wanda aka soka wa ɗa wuƙa ba ruwansa da sashe kaza. Wannan magana ce ta zafin rai, ba ta kama ɓarawo ko ɗaya. Za kuma a kawo batun Hanifa, yarinyar da aka sace aka kashe a Kano, a ce ai Abdulmalik Tanko, mai makarantarsu, ya amsa gaban 'yan jarida kuma gaskiya ya faɗa. To ai da ya je kotu musanta kisan ya yi. Abin da ya ba iƙirarinsa nauyi shi ne ya kai masu bincike inda ya binne gawar, aka tono, aka kawo shaidu, sannan Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin rataya a Yulin 2022. Iƙirari na ƙwarai yakan fito da abin da mai laifi kaɗai ya sani. Holi kuwa wannan darajar yake ɓatawa, tunda da zarar an watsa bayanan a intanet, kowa ya san su.

Gaskiyar magana, lalaci ne ya mai da iƙirari uwa da uba a caji ofis. Ɗaukar zanen yatsa, killace wurin da aka yi laifi, bin sawun waya, zama da shaidu ɗaya bayan ɗaya, duk suna cin lokaci da kuɗi, ɗan sandan da ke binciken kuwa sau da yawa mai ƙara ne ke ba shi kuɗin mai. Gora ba ta cin ko sisi. In aka je kotu sai wanda ake tuhuma ya ce tilasta shi aka yi, a tsaya a yi wata ƙaramar shari'a kan yadda aka samu iƙirarin, a ɗage zama, a yi wa mai binciken canjin wurin aiki, fayil ya kwanta. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi. Wani lokaci kuma ainihin mai laifin ne ke kuɓuta, domin Dokar Shaida ta 2011 ta hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma ban da shi ba a tanadi komai ba.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi naɗar iƙirari a bidiyo da karɓarsa a gaban lauya. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar. Jami'ai nawa kuka ji an ɗaure da ita? Alƙalai su riƙa watsi da duk takardar da aka rubuta a ɓoye, gidajen rediyo da masu shafuka su daina tura makirufo bakin mai ankwa, a gurfanar da ko baturen 'yan sanda ɗaya ne a gani. In kuma aka ce babu kayan naɗar bidiyo a ofis, ai wayar da aka ɗauki yaron nan da ita yana zaune a ƙasa tana da caji. A shiga da ita ɗakin tambaya tun daren da aka kamo shi.