Ɗakin aji ya fi allo iya koyar da wannan darasin

Na daɗe ina ganin cewa allo ne yake rikita ɗalibanmu idan aka zo lissafin siffofi masu tsawo da faɗi da tsayi. Yaro ya shekara yana zana x = 3 a matsayin layi miƙaƙƙe, sai rana ɗaya a ce masa ai x = 3 shimfiɗa ce mara iyaka, alhali a kan allon nan mai fuska ɗaya ake nuna masa. Dole ya haddace ba tare da ya gane ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Tun da René Descartes, masanin nan na Faransa, ya fitar da aikinsa a 1637, lambobi suka zama hanyar faɗin matsayin kowane ɗigo. To, ɗakin aji kansa ya ishe mu misali. A ɗauki kusurwa ɗaya ta ƙasa a matsayin mafari, inda layukan x da y da z suka haɗu, wato x na tsawo, y na faɗi, z na tsayi. Daɓen ɗakin shi ne z = 0. Idan silin yana sama da mita 3, sunansa z = 3, domin duk inda ka taɓa a jikinsa tsayin bai canja ba, x da y kuwa suna yawo yadda suka ga dama. Nan ne asirin yake: harafin da ba a ambata ba, ba sifili ba ne, sakin sa aka yi. Shi ya sa silin ba zai taɓa haɗuwa da daɓe ba, ko da an shimfiɗa su har abada, kuma tazarar z = 2 da z = 7 biyar ce a ko'ina.

Bangaye ma haka suke, biyu masu fuskantar juna x ne ya tsaya a kansu, sauran biyun kuma y.

Magini da yake auna gini da tiyo mai ruwa a ciki, yana sa alama a bango huɗu, shimfiɗar z ɗaya yake nema, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ina roƙon 'yan'uwana malaman lissafi, kafin mu ɗauki alli, mu sa ɗalibi ya tashi ya dafa bango, sannan mu tambaye shi wane harafi ne ya tsaya.