Jami'o'inmu: A Da Malami Ake Fara Nema, Yanzu Allo Ake Fara Kafawa

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta har tsawon shekara bakwai. Wasu sun yi ƙorafi, musamman waɗanda aka riga aka yi wa garinsu alkawari. Ni kam ina goyon baya, kuma hujjata tana cikin yadda aka faro abin tun asali.

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ɗalibai 104 aka kwaso daga Kwalejin Yaba, digirin kuma na Jami'ar Landan ne. Ƙofa ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya. Gab da samun 'yancin kai, a 1959, aka kafa kwamitin Eric Ashby don ya gano irin ma'aikatan da Nijeriya za ta buƙata cikin shekara ashirin. Bayan haka aka buɗe jami'ar Nsukka a 1960, sai na Zariya da Ife da Legas a 1962.

A tsaya a dubi Zariya da kyau. Sardauna bai je fili ya kafa allo ya ce ga jami'a ba. Abin da ke ƙasa yana aiki aka tattara: kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya, cibiyar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo, tashar binciken noma ta Samaru da ta daɗe tana fama da auduga da gyaɗa, da kwalejin Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. Kowacce da malamanta, da ɗakin karatunta, da aikin da jama'a suka san ta da shi. An fara da ɗalibai 426 kacal, aka ɗauko Norman Alexander ya shugabance ta, kafin Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Har gobe manomin da ya shuka masarar SAMMAZ ko waken SAMPEA, irin da Samaru ta samar, yana cin moriyar wannan harsashi, ko bai taɓa taka Samaru ba.

Da kuɗin man fetur ya zo, a 1975 tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, ta kuma ƙara bakwai a tashi ɗaya: Sakkwato, Maiduguri, Jos, Kalaba, Kano, Ilorin da Fatakwal. Ba a daɗe ba nauyin ya fara nuna kansa. A 1978 ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abinci ya haddasa boren "Ali Must Go", aka zubar da jinin ɗalibai a Legas da Zariya. A shekarar ce aka kafa hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, a shekarar ce ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta samu. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986 ya karya darajar albashi, ƙwararru suka kama hanyar Amurka, Ingila da Saudiyya.

Maimakon a ɗinke wannan ɓaraka, sai aka ci gaba da haihuwa. Tsarin mulkin 1979 ya bai wa jihohi dama, 1999 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, a 2011 aka ƙara tara na tarayya, a 2013 aka ƙara Gusau da Gashuwa da Birnin Kebbi. Jami'a ta koma kason siyasa, kamar rijiyar burtsatse: kowane ɗan majalisa yana son a ce shi ya kawo.

Na taɓa shiga wata sabuwar jami'a da ke zaune a aron ginin sakandare. Ƙofar shiga ta sha fenti, amma a ɗakin gwaje-gwaje famfo ba ruwa, kwalabe sun yi ƙura. Malamin da ya zagaya da ni ya nuna min jakar kayansa a bayan mota. Litinin da Talata yana nan, Laraba yana wata jiha, Juma'a ya koma inda aka ɗauke shi aiki. Jami'a uku, farfesa ɗaya. Yaushe zai zauna ya karanta kundin ɗalibinsa?

Ban manta da ɗaya ɓangaren ba. Akwai yarinyar da mahaifinta ba zai taɓa barin ta tafi Zariya ba, amma ya yarda ta yi karatu don jami'a ta zo garinsu. Wannan riba ce ta gaskiya, kuma a Arewa ba ƙarama ba ce. Sai dai wannan yarinya ta cancanci malami, ba takarda kawai ba. Ita ce kuma ta zauna a gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, kan yarjejeniyar da ƙungiyar da gwamnati suka sa wa hannu tun 2009.

Dakatarwa kaɗai ba ta koyar da kowa. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda ya samo asali daga gwagwarmayar ASUU ta 1992 zamanin Attahiru Jega, ya cika harabobi da gine-gine, to yanzu a karkata shi ga mutane. A cikin shekara bakwai ɗin nan a horar da masu digiri na uku, a biya su abin da zai hana su neman biza, a maido da ruwa da wuta ɗakunan gwaji. Majalisa kuma ta daina karɓar ƙudurin sabuwar jami'a sai mai shi ya kawo sunayen malaman da za su koyar da inda albashinsu zai fito.