Jinin ɗakin gwaji da ciwon zuciya

Labarin nan ya taɓa ni, wai jinin da ake haɗawa a ɗakin gwaji ya rage lalacewar zuciyar dabbobi bayan jijiya ta toshe. Ƙwayoyinsa sun fi jajayen ƙwayoyin jini ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa suke kurɗawa ta matsattsiyar jijiya su kai iskar oksijin ga naman zuciyar da ke shirin mutuwa. Sai dai masu bincike su bi a sannu, don Amurka ta amince da wani jinin ɗakin gwaji mai suna Fluosol a 1989, amma a 1994 aka daina shi. Baffana a Gusau ciwon ƙirji ya kama shi cikin dare, kafin a gane zuciya ce ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya sa gwajin mutane ya yi nasara, ya iso mana Zamfara.