Alhaji Bakano da Lambar da Ba Ta Rabuwa

(Teburin mai shayi, bayan sallar isha'i. Alhaji Bakano ya ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka kusa da gwangwanin madara, yana yi mata firfita da hularsa. Sai ga Malam Bazazzagi.)

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. A'a, bawana, yau kuma amarya aka yi ne ake ta firfita?

BAKANO: Wa alaikumus salam. Zauna a hankali, kar ka girgiza min benci. Kuɗi take dafawa.

BAZAZZAGI: Wane irin kuɗi ake dafawa a kwamfutar gwanjo?

BAKANO: A rediyo na ji. Wai wani Ba'amurke ya gano wata lamba, aka ba shi dala. Lamba fa kawai, Malam! Ba buhu, ba ɗan dako, ba kwastan. Na ce ai Kano ko da me ka zo an fi ka. Na sa yaron shagona ya rubuta min manhaja, tun shekaranjiya take aiki.

BAZAZZAGI: Wace irin lamba ce?

BAKANO: Wadda ba ta rabuwa. Duk abin da ka raba ta da shi sai ta bar saura, in ba da 1 ba ko da ita kanta. Irin su 7, da 13, da 29.

BAZAZZAGI: Lambar da ba ta yarda a raba ta da kowa? To ai danginka kake nema. Da ka duba cikin gidanku, ba sai ka ƙona fetur ba.

BAKANO: Ka ji shi. Mutumin da ke cewa "mota ya zo" shi ne zai koya min magana. In kana da ilimin da kuke taƙama da shi a Zariya, gaya min dalilin da ya sa ba ta gama ba.

BAZAZZAGI: Me yaron ya ce mata ta yi?

BAKANO: Ya ba ta wata lamba mai alƙaluma 19, ya ce ta raba da 2, ta raba da 3, ta raba da 4, haka haka har ta isa ga lambar. In babu wanda ya raba ta daidai, mun yi kamu.

BAZAZZAGI: Innalillahi. Alhaji, ko da na'urar nan tana rabawa sau biliyan ɗaya a kowane sakan, kuma wannan mai tarin da nake ji ba za ta iya ba, in dai lambar ta gaske ce sai ta haura shekara 31 tana abu ɗaya.

MAI SHAYI: Alhaji, in a nan za ta yi shekara 31 ɗin, gara mu fara maganar kuɗin caji.

BAKANO: Kai zuba shayinka! Malam, to ina mafita?

BAZAZZAGI: Ga sabulu guda 100 a shagonka. Jera min su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa.

BAKANO: Wannan ai aikina ne. Layi 2 na hamsin-hamsin. Layi 4 na ashirin da biyar-biyar. Layi 5 na ashirin-ashirin. Layi 10 na goma-goma. Layi 20 na biyar-biyar...

BAZAZZAGI: Tsaya nan. Layi 20 na biyar-biyar, da layi 5 na ashirin-ashirin, mene ne bambancinsu?

BAKANO: Babu. Juya kayan kawai aka yi.

BAZAZZAGI: Irin juyin da kuke yi wa baƙo a kasuwa ya ɗauka sabon kaya ne. To daga 10 sau 10, duk abin da zai biyo baya tsohon kaya ne aka juya. Kowace lamba haka take: in tana rabuwa, ɗaya daga cikin masu raba ta ƙarami ne, ba zai wuce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita ba. Ɗauki 1,000,003. Yaronka zai sa a raba ta sau miliyan. Ni kuwa a 1,000 zan tsaya, in ban samu mai raba ta ba, in ce ta tabbata. Kuma ta tabbata ɗin ce.

BAKANO: Tawa mai alƙaluma 19 fa?

BAZAZZAGI: Biliyan ɗaya zuwa uku. A wancan lissafin, 'yan sakanni.

BAKANO: Shekara 31 ta koma sakan? Wallahi yaron nan sai ya biya ni kuɗin man janareta na kwana uku.

BAZAZZAGI: Akwai ragi ma. Abin da 2 bai raba ba, 4 da 6 da 8 ba za su raba shi ba. Abin da 3 bai raba ba, kar ka wahalar da 9. Masu taurin kan kaɗai za ka gwada, su kuwa a ƙasa da 1,000 guda 168 ne kacal.

BAKANO: Daga miliyan zuwa 168! Malam, da haka kake taya kaya, da tuni mun rufe shaguna.

MAI SHAYI: To shi 1 fa? Shi ma ai ba ya rabuwa.

BAZAZZAGI: Ba a sa shi a layin. Dole lamba ta zama tana da masu raba ta biyu daban-daban, 1 da ita kanta. Shi kuwa 1, shi ne mai kaya, shi ne mai saye.

BAKANO: Amma ni ba guda ɗaya nake so ba. Sari nake so. Duk na ƙasa da miliyan, a zuba min a buhu.

BAZAZZAGI: In sari ne, ba a bin su ɗaya-ɗaya. Rariya ake sawa. Wani Bagirke ne ya fito da dabarar, Eratostinis, shugaban babban ɗakin karatu na Iskandariyya, fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. A Sirini aka haife shi, cikin ƙasar Libiya ta yau.

BAKANO: Libiya? Shi ke nan! Fatakenmu sun sha hanyar Gadamas da Tarabulus. A Kasuwar Kurmi ya ga ana tankaɗe, ya koma gida ya ce shi ya ƙirƙira.

BAZAZZAGI: Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ce. Mutumin nan ya riga ta da fiye da shekara 1,600.

BAKANO: To ya yi sammako.

BAZAZZAGI: Mai shayi, ba ni kwalin sukarin nan da biro. Rubuta 2 zuwa 30. Yauwa. Bar 2, amma daga ita ka riƙa tsallen bibbiyu kana sokewa: 4, 6, 8, har ƙarshe. Wace ce ta farko da ta tsira?

MAI SHAYI: 3.

BAZAZZAGI: Bar ta, yi tsallen uku-uku ka soke. Sai 5, tsallen biyar-biyar. Karanto abin da ya rage.

MAI SHAYI: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Guda goma.

BAKANO: Ba ku yi wa 7 nata tsallen ba. Ha'inci a gabana?

BAZAZZAGI: Ba ta da aiki a nan. 14 tuni 2 ta soke ta, 21 kuma 3 ta soke ta, 28 ma ta tafi. Aikin 7 na farko yana kan 7 sau 7, wato 49, mu kuwa a 30 muka tsaya. In har 100 za ka je, da 2, 3, 5 da 7 kaɗai za ka tankaɗe, 25 su rage a rariya. Ka lura ko sau ɗaya ba mu yi rabawa ba? Ƙari kawai muke yi, shi kuwa ƙari ya fi rabawa sauƙi ga kwamfuta. Na ƙasa da miliyan guda 78,498 ne, kuma ko wannan gwanjon za ta zubo maka su kafin ka kurɓi shayinka sau biyu.

BAKANO: To a tankaɗe har tiriliyan.

BAZAZZAGI: Kwalin ne ba zai ɗauka ba. Rariya tana son wurin da za a rubuta kowace lamba, ƙwaƙwalwar na'ura kuwa tana da iyaka. Masu wayo kashi-kashi suke yi: su tankaɗe wani yanki, su kwashe, su share wurin, su shigo da na gaba.

BAKANO: (ya matso, ya rage murya) Malam, kar mai shayi ya ji. Mu tattara su gaba ɗaya mu kulle a sito. In bankuna suka nema suka rasa, mu yanka farashi.

BAZAZZAGI: Ɓoye kaya har a lissafi? Ba sa ƙarewa, bawan Allah. Iƙilidis, wani masanin lissafi Bagirke, ya tabbatar da haka wajen shekara 300 kafin Annabi Isa. Ka ce ka kulle su duka. In ninka su gaba ɗaya in ƙara 1. Duk wadda ka ɗauko daga sitonka ka raba, sai 1 ya yi saura. Ke nan akwai wata a waje da ba ka saya ba.

BAKANO: Kayan da ba ya yankewa ba ya tsada. Amma tsaya, da gaske bankuna na amfani da su? Ni faɗa kawai na yi.

BAZAZZAGI: Ka yi sa'a ka faɗa daidai. Akwai wani kwaɗon sirri da wasu masana uku suka fito da shi a Amurka a 1977, ana ce masa RSA. A ɗauko irin lambobin nan guda biyu, kowace mai alƙaluma wajen 300, a ninka su. Ninkawa wasa ne. Amma a ba ka sakamakon a ce ka fito da biyun da aka ninka, nan ake yin ta.

BAKANO: Alƙaluma 300? Ko da dabararka ta sabulu ai ba za a gama gwadawa ba.

BAZAZZAGI: Har rana ta mutu ba za a gama ba. Shi ya sa a nan ba a rabawa, shaidu ake kira. Ferma, wani Bafaranshe, ya lura da wani abu a 1640. Ɗauki 7. Jera 2 guda shida, wato 7 a cire ɗaya, ka ninka su, 64 ke nan. Raba da 7, saura 1. 2 ɗin nan ita ce shaidar, kuma duk ta gaske haka take yi, in ba 2 ita kanta ba. Gwada 9: jera 2 guda takwas, 256, raba da 9, saura 4. An kama ta, ta bogi ce, ba tare da an nemi mai raba ta ba.

BAKANO: Madalla da shaida.

BAZAZZAGI: Sai dai akwai 'yan damfara. 561 tana wuce shaidar 2, ta wuce ta 5, ta wuce ta 7, fuskarta fes kamar mutuniyar kirki.

BAKANO: 561? Biyar da shida da ɗaya, sha biyu. Uku na raba ta! 187 sau uku. Wannan ko yaron shagona... a'a, bar yaron shagona. Ko ni da ido na kama ta.

BAZAZZAGI: 3 sau 11 sau 17 ce. Kai ka kama ta don ƙarama ce. Saboda irinta ne wasu masana biyu, Mila a 1976 da Rabin a 1980, suka tsananta tambayar. A nasu gwajin, in lamba ta bogi ce, damar ta kuɓuce wa shaida ɗaya ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ba. Ka kira na biyu, ɗaya cikin 16. Ka kira 40, magana ta ƙare.

BAKANO: Ni da aka kai ni gaban alƙali shaida biyu aka nema.

BAZAZZAGI: Kuma ka kasa kawowa. Akwai wasu Indiyawa uku a Kanfur da suka fito da hanyar da babu kokwanto a cikinta a 2002, duniyar lissafi ta yi ta tafi. Amma tafiyar hawainiya take yi, don haka a wurin aiki shaidun nan ake kira.

BAKANO: Duk na ji. Mu koma kan dala. Ba'amurken nan, wacce ya kamo?

BAZAZZAGI: Luke Durant sunansa, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia. A watan Oktoba na 2024 ne. Jera 2 guda 136,279,841, ka ninka su duka, ka cire 1. Masu wannan siffa suna da nasu gwaji na musamman mai sauri, shi ya sa mafarauta suka fi bin su. Akwai ƙungiyar 'yan sa-kai, GIMPS, tun 1996 suke farautar, manhajarsu kyauta ce.

BAKANO: Kyauta? Yanzu ka fara Hausa. Alƙalumanta nawa?

BAZAZZAGI: 41,024,320. In za ka karanta ɗaya a kowane sakan, ba barci ba cin abinci, sai ka yi kusan kwana 475.

BAKANO: Tawa 19 ce.

BAZAZZAGI: Saura kaɗan ka kamo shi.

BAKANO: Nawa aka ba shi?

BAZAZZAGI: Dala 3,000.

BAKANO: Ba laifi! Canji nawa ne yau? Mai shayi, ƙara wa Malam ƙwai.

BAZAZZAGI: Sai dai ba da na'ura ɗaya ya yi ba. Hayar dubban na'urori ya ɗauka ta intanet, a ƙasashe 17. Jaridu sun ruwaito ya kashe wajen dala miliyan biyu.

BAKANO: (ya daina firfita) Maimaita.

BAZAZZAGI: Miliyan biyu.

BAKANO: Ya zuba miliyan biyu, ya kwashi dubu uku. Kuma danginsa suna kallo, ba wanda ya kira masu ruƙiyya?

BAZAZZAGI: Sunansa ya shiga tarihi.

BAKANO: Tarihi! Wallahi a binciki kakanninsa, Bazazzagi ne. Mai shayi, fasa ƙwan nan.

MAI SHAYI: Ai na riga na fasa shi, Alhaji, yana cikin kasko.

BAKANO: (ya rufe kwamfuta, ya mayar da hula) To nawa ne kuɗinmu?

MAI SHAYI: Shayi biyu, burodi, ƙwai, da caji. Naira 2,300.

BAKANO: Ɗari-ɗari guda 23 ke nan. Malam, ba ita ce ta kusa da ƙarshe a kan kwalin nan ba? Ba ta rabuwa sai da 1 ko da 23. Ko mutum ɗaya ya biya, ko ka nemo mana mutum 21 su taya mu.

BAZAZZAGI: Haba Alhaji! 2,300 ai tana rabuwa da 2. Kowa 1,150.

BAKANO: Mai shayi, kana da canjin hamsin?

MAI SHAYI: Babu, Alhaji.

BAKANO: Ka ji shaida ɗaya. In kira sauran 39 ɗin, ko za ka ciro kuɗin?