Teku ba ya tsayawa a zana shi

Duk sanda wani mai zane ya nuna wa jama'a aikinsa, yabon ɗaya ne: "Kai, kamar da kyamara aka ɗauka!" Wannan ma'aunin ya daɗe yana damuna. In kama da hoto ce ƙarshen gwaninta, to Claude Monet, shahararren mai zanen nan na Faransa, ɗan koyo ne ke nan, kuma wallahi ba haka ba ne.

Ku nemo zanen da ya yi na tashar jiragen ruwan Le Havre, a arewacin Faransa, a 1872. Hazon asuba ya rufe komai, rana ta fito jawur, ga 'yan kwale-kwale baƙi ƙirin, can baya kuma jirage da hayaƙi dishi-dishi. Hasken rana a kan ruwan nan, in ka matso da hoton, shafe-shafen burushi ne 'yan kaɗan masu ruwan lemo. Ja da baya, sai ka ga ruwa yana motsi. Da aka baje shi a Paris a 1874, wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi masa ba'a cewa ko takardar adon bango da aka fara zanawa ta fi shi kammala.

Abin da Leroy bai lura da shi ba, dutse yana jiranka ka gama, gida yana jiranka, amma ruwan teku launinsa na sauyawa kafin ka gama haɗa fenti. Galibin magabata sukan yi ɗan zane a waje, su koma ɗaki su ƙarasa a tsanake, igiyar ruwa ta fito tsaf kamar an yi mata guga. Kyau kam akwai, amma wa ya taɓa ganin teku haka?

Eugène Boudin, wani mai zane mutumin garin Honfleur na kusa da Le Havre, shi ya ja Monet tun yana matashi zuwa bakin ruwa, ya nuna masa a zana abu inda yake. Fentin da ake matsowa daga ɗan bututu, wanda Ba'amurke John Rand ya ƙirƙiro a 1841, shi ya sauƙaƙa fita yin zane a waje. Zanen da Monet ya yi a gaɓar tekun garin Trouville na Faransa a 1870, wanda ke Landan yanzu, har yau akwai ƙwayoyin yashi maƙale a fentinsa.

Ba ina cewa duk wanda ya dagwalgwala launi ya zama gwani ba, masu fakewa da wannan salo don ɓoye rashin iya hannu suna da yawa. Amma masu cewa gaggawar Monet lalaci ce, su ji wannan: a Nuwamban 1885, a ƙarƙashin duwatsun gaɓar tekun garin Étretat na Faransa, ya ruɗe da lokacin cikowar ruwa, igiya ta maka shi da dutse, ta tafi da zanen da kayan aikinsa. Da rarrafe ya fito, gemunsa duk fenti.